Shagon Alhajin fim a Kantin Kwari: shadda ta yi, leshi kuma a yi haƙuri

Tunda aka kai lefen ƙanina mata ke ta tambayata ina muka haɗo kayan, waɗanda suka matsa na faɗa musu a kunne, amma a nan bazan kama suna ba dan akwai abinda zan faɗa da ba yabo bane, kuma ni ba rigima nake nema da kowa ba. Rabin kayan dai daga shagon wani Alhaji ne a Kantin Kwari, cikin attajiran nan da suka haɗa sayar da tufafi da shirya fim, wanda duk azumi zakiga hotunan rabon atamfarsa suna yawo a waya. A gajarce shaddarsa ta yi, atamfa ba laifi, leshi a yi haƙuri, yaran shago kuma sai wanda Allah ya haɗaki da shi.

Shagon yana can ciki ne, sai kin ratsa ƴan tebura da masu baro da masu ɗauko dila a ka suna ta hanya hanya, kuma tun daga bakin titi ƴan kayi-nayi zasu tareki da Hajiya me ake nema, Hajiya zo na kaiki inda yafi sauƙi. Kar ki bi kowa, duk wanda ya rakaki har ƙofa la'adarsa a cikin kuɗin kayanki zata fito. Kina shiga sai kiji kamar ba a Kwari kike ba, ga AC ga kujerun zama ga ruwan sanyi, an jera kaya a kanta har sama kowace kala da layinta, sannan ga wata ƙatuwar talabijin a bango da ba abinda take nunawa sai fina-finan maigidan, zan dawo kan wannan talabijin ɗin dan ba ado bace.

Shadda na fara nema dan ita ce ta ango da kuma wadda za'a saka wa amarya a akwati. Wanda ya saurareni wani ne da ya ɗan manyanta, daga gani ya daɗe a shagon, kuma wallahi shi ya sa na saki jiki da wajen. Nace gezna nake so, bai ce komai ba ya ɗauko guda biyu kala ɗaya, ruwan toka mai haske, ya shimfiɗa su gefe da gefe a kan tebur yace Hajiya wannan orijinal ce wannan kwafi ce, taɓa kiji. Ban tambaye shi ba fa, shi ya fara faɗa. Daga nesa ba mai rabewa, in ma ba ki sani ba kwafin tafi ɗaukar ido dan an cika mata sitaci tana ta ƙyalli. Amma da kin sa hannu zakiji orijinal ɗin tana da nauyi da wani santsi mai maiƙo, in kin murza ta tsakanin yatsu bata yin wannan ƙarar ta takarda, furen jikinta kuma saƙa ne a cikin zaren, kina juya ta a haske yana ɓacewa yana dawowa. Ya nuna min rubutun kamfanin a gefen yadin, ya kuma ja su duka biyun ya nuna min ta gasken tafi faɗi, wanda duk telan da ya san aikinsa zai gaya miki faɗin nan yana ceto wajen yanka babbar riga. Su wannan kamfanin na Getzner a garin Bludenz suke a Ostiriya, tun 1818 suke harkar zare da saƙa, auduga zalla ce, sheƙin kuma matsa ta ake a inji har ya zauna a jikin zaren, shi yasa wanki baya tafiya da shi lokaci ɗaya kamar na kwafi da ruwan farko yake wanke mata asiri.

Wani abu da ya ƙara burgeni shi ne awo. Gezna da mita take zuwa, mu kuma da yadi muka saba ciniki, kuma mita tafi yadi da ɗan abinda baikai tafin hannu ba, to a wasu shagunan wannan ɗan rarar a aljihunsu take tsayawa, a ce miki biyar ne alhali an ƙirga da wanda yafi gajarta an karɓi kuɗin mai tsawon. Shi wannan bawan Allah sai da ya tambayeni mita ko yadi, ya auna a gabana, goma ta babbar riga da ƴar ciki da wando, biyar biyar na kaftani. Da aka kai wa tela bai kira yace bai isa ba, kuma duk wadda ta taɓa haɗa kayan biki ta san daɗin rashin wannan kiran.

Sai kuɗi. Nan fa sai an yi haƙuri da ni. Kowa ya san tunda aka saki naira a watan Yunin 2023 kayan waje suka zama abinda suka zama, ɗan Kwari kafin ya faɗa miki farashi sai ya leƙa waya yaga yadda dala ta kwana a Wapa, ga Wapan nan kusa da su a Fagge, ban ga laifinsu a wannan ba dan wanda ya sayar yau da farashin jiya gobe bazai iya mayar da kayan ba. Amma bayan na fito na shiga wani ɗan ƙaramin shago a wani layin, ba AC ba kujera sai benci, na tarar da geznar nan, Wagambari, iri ɗaya sak, rubutu ɗaya faɗi ɗaya, bambancin kuɗin ya isa ya biya ɗinkin kaftani guda harda aikin wuya. To wannan rarar kuɗin sanyi ne da kuɗin suna. Akwai wanda zai ce ya yarda ya biya dan hankalinsa ya kwanta ba jabu aka bashi ba, kuma ba zan ce bashi da hujja ba, araha bata ado, musamman ga wanda aka aiko daga Maraɗi ko Damagaram ko Garwa yazo sari bai san kan kasuwar ba. Ni dai da na san hannun shadda, na biya ne ina sane.

Atamfa ba wani dogon labari. Suna da Holandis ta Vlisco ta gaske, wadda ake bugawa a Helmond, in kin juya bayanta kalar ɗaya ce da gaban kuma ga lambar zanen a gefe, suna da Hitarget da Chiganvy da sauran ƴan China kala kala, kuma suna faɗa miki wacce ce wacce ba rufa-rufa. Turmi yadi shida cif. Mun ɗauki manya kaɗan dan saman akwati, sauran muka cike da matsakaita, dan amarya ma ta san ba kullum ake ɗaura Holandis a shiga kicin ba. Abinda kawai ya tsaya min a rai ina kallon kantar nan daga ƙasa har sama shi ne da ƙyar zaki nuna turmi ɗaya kice wannan a arewa aka buga shi. Lefen iyayenmu atamfar Kaduna ce a ciki, masaƙar KTL da aka buɗe tun 1957 ta mutu, masaƙar UNTL ta rufe a 2007, masaƙar Gaskiya ta nan Kano ma shiru, yanzu babbar kasuwar tufafin da ake zuwa daga Nijar da Chadi da Kamaru kayan kwantena take sayarwa.

Leshi kuwa nan suka bani kunya. Zanen duk tsofaffin yayi ne, wanda yake sabo kuma kuɗinsa ba'a magana. Wani yaro daban ne a ɓangaren, ya rantse min wani mai duwatsu na Siwis ne, na ɗauka guda biyu. Kafin a kai lefen muna jera kaya a akwati muka ga duwatsun sun fara zuba a cikin leda, ashe da gam aka liƙa su, kuma gefen yankan duk zare ya fara tashi. Leshin Siwis ko na Ostiriya na gaske ba haka yake ba, wanda yake jikin akwatin yayarmu tun aurenta har yau dutse ɗaya bai faɗi ba. Shago ɗaya, mutum ɗaya ya shimfiɗa min gaskiya a tebur ɗayan kuma ya rantse a kan ƙarya.

Muna cikin zaɓen atamfa ne wata jarumar fim ta shigo da ƙawayenta, wallahi kafin kice me yaran nan sun watse sun yi kanta kamar an watsa wa kaji tsaba, wanda yake riƙe da turmin da nake dubawa a hannunsa ya ajiye shi ya tafi, wannan ya kawo kujera wannan lemo wannan yana ɗaukar bidiyo. Muka zauna ni da ƙanwar babanmu, tsohuwa da ciwon ƙafa, muna kallon ikon Allah har aka kira la'asar. Ita yarinyar ba ruwanta, har ta gaishe da Gwaggo da ladabi, laifin na shagon ne. Kuma daga baya na fahimci ba ma saye tazo ba, kayan da zata saka a fim tazo ɗauka.

Wanda ya dawo da ni kan talabijin ɗin can. Duk kayan da kike gani a jikin ƴan wasan fim ɗin Alhaji daga kantar nan suka fito, kuma yaran da sunan jarumai suke talla, baza suce miki ga atamfa mai ganye ba sai dai suce wannan ita wance ta ɗaura ranar da aka kawo mata kishiya, kuma kiga mata suna cewa a basu irinta. Da nake tunanin abin sai naga ai lissafi ne mai kyau. Da can furodusa kaset da CD yake bugawa ya kai Ƙofar Wambai ƴan kasuwa su saya kuɗinsa ya dawo, sai masu tura fim a waya suka kashe wannan kasuwar, Arewa24 tazo a 2014 mutane suka saba da kallon shiri mai dogon zango kyauta, yanzu kusan kowa ya koma YouTube inda kuɗin yake ɗigowa a hankali. Wanda fim kaɗai ya dogara da shi wahala yake sha, amma mai shagon shadda ko fim ɗin bai mayar da kuɗinsa ba ya riga ya ci riba ta wata ƙofar, dan duk sati ana kallon kayansa a jikin mutanen da ake so. Ga kuma hukumar tace fina-finai ta Kano da aka kafa a 2001 da su kansu masu kallo, basa yarda da shigar banza, dole jaruma ta fito cikin atamfa da mayafi ko doguwar riga, jarumi cikin kaftani da hula, to wa yafi mai tufafi cin moriyar wannan. Ni ban ga aibu a ciki ba, yara da yawa suna cin abinci ta dalilinsa, masu kyamara da masu kwalliya da teloli. Sai dai fitilar lokeshan ƙarya take, kalar da kika gani a fim ba ita zaki gani a tsakar gidanku ba.

Haka ta faru da ankon ƴan uwa. Shi ta WhatsApp akai odarsa dan ba wanda zai sake shiga cunkoson nan, aka turo hoto daga cikin fim ɗin ma aka yanko shi, kowa yace ya yi, akai tiransifa suka ga alat, kaya suka zo a kan lokaci wannan kam ba ƙorafi. Amma abinda muka gani ruwan goro a hoto sai gashi ya tafi wajen ja, muka ce to a haƙura tunda duk iri ɗaya ne. Ni kuma tun ambaliyar da ta shiga Kwari a watan Agustan 2022 ta jiƙa kayan mutane bana karɓar turmi a naɗe, sai na warware shi tas, ina warwarewa kuwa na tarar da uku a ciki da shatin ruwa a kan ninkin, dogon layi mai duhu daga wannan gefe zuwa wancan.

Na koma da su. Yaran suka nuna min ƙasan rasit wai kaya in ya fita baya dawowa, ɗaya har yana ce min ƙila a gidanmu ruwan ya taɓa su, shatin da ya bushe ya yi fari fari a gefe wai jiya ya samu. Murya ta fara tashi sai ga Alhajin da kansa ya sauko daga sama zai tafi masallaci, mutum ne ba mai ƙiba ba, farin yadi ne a jikinsa mara aiki, in a hanya kika ganshi baza kice shi ne mai wajen ba. Yace Hajiya lafiya, nace ranka ya daɗe kayanka ne suka zo da tabo yaranka kuma sunce ni na jiƙa su. Ya karɓi turmi ɗaya ya ɗaga shi a haske ya shinshina, bai ƙara tambayata komai ba yace a canza mata duka ukun a bata kuɗin mota, ya juya wajen yaron yace in na dawo ka sameni. Na ambaci leshin, yace a kawo shi ma, sai dai shi an riga an kai gidan amarya ba yadda za'ai a je a ce a buɗe akwati. Naji daɗin yadda ya yi, amma ina hanya ina tunanin da na makara da minti biyar fa, ko wadda ta aiko daga Yamai ita wa zata tara a matakala? Shago mai girman wannan bai kamata adalcinsa ya zama sai an yi sa'ar haɗuwa da maigida ba.

Ƴan kasuwar suna bada labarinsa, kuma irin labarin yawancin manyan Kwari ne. Yaron shago ne a da, shara da ɗauko dila da zuwa sayo wa maigida abinci, shekara da shekaru har maigidan ya sallame shi da jari, ya kafa tebur, ya fara bin motar dare zuwa Legas da Kwatano, daga nan Dubai, daga nan China inda yanzu yake bada zanensa a buga masa da tambarinsa. Shi ma ance ya sallami yara da dama, wasu shagunan da ke layin nasa na tsofaffin yaransa ne. Ni a wajena wannan yafi duk rabon da ake ɗauka a hoto, dan wanda ka bawa turmi shekara ɗaya zai ɗaura, wanda ka buɗe wa shago kuwa gidansu gaba ɗaya ka ɗauke wa nauyi.

Rabon azumin ma dai na ganshi da idona ta wajen maƙociyarmu da mijinta ya rasu ya barta da yara. Ɗan kasuwa irinsa da kaya ke shiga suna fita kullum, a fiƙihun da muka tashi da shi duk shekara zai yi wa kayan shagon kuɗi ya haɗa da abinda ke hannu ya fitar da ɗaya cikin arba'in, kuma ba boyayyen abu bane wasu kwantan da ya shekara uku ba'a taya ba suke kwashewa su kira shi zakka, alhali Alƙur'ani a cikin Baƙara ya hana mutum ya nufi mummunan abin ya bayar. Na ɗaga atamfar da aka kawo mata na duba, sabuwar yayi ce matsakaiciya irin wadda muka saya da kuɗinmu, harda shinkafa da kuɗin ɗinki a ambulan, dan turmi ba kuɗin tela wani nauyin ne. Kuma ba layi aka sa su ba, ta hannun liman da mai unguwa aka rubuta suna aka kawo har gida, wanda duk wanda ya tuna matan da suka mutu a turmutsutsin rabon zakka a Bauchi cikin azumin 2024 zai san wannan ba ƙaramin tunani bane. Abinda ban so ba kyamara. Yaran da suka kawo kayan sai da suka sa ta riƙe ledar mai sunan shago suka ɗauketa, baiwar Allah tana ta jan mayafi tana rufe fuska, bayan kwana biyu gata a waya an sa waƙa a ƙasa.

Sannan akwai maganar da yaron leshin ya faɗa min lokacin da nake neman ragi, wai Hajiya ki daure ai ribar ta marayu ce. Raina ya ɓaci da wannan fiye da duwatsun da suka zube. Sadakar Alhaji tsakaninsa da Ubangijinsa ce, Allah ya karɓa ya ƙara masa, ni ciniki nazo yi, in zan bawa maraya na san ƙofar gidansu. Kuma bana jin shi ya sa su faɗi haka, mutumin da na gani a matakala bai yi kama da mai wannan maganar ba, amma da sunansa ake faɗa.

Shaddar ango an wanke ta bayan biki, da sabulu mara ƙarfi ba omo ba, ba'a jiƙa ta ta kwana ba, aka shanya a inuwa aka kai wa masu bugu, ta dawo da maiƙonta kamar ranar da aka yanko ta, Holandis ɗin ma amarya tace bata zuba ba, cikin ƴan Chinan ne guda ɗaya mai shuɗi ta ɗan saki a ruwan farko. Dan haka shadda da yadin maza zan koma, kuma wajen dattijon nan zan nufa kai tsaye ko da zan jira shi. Wadda zata je ta tafi da safe kafin azahar, kar ta kuskura goman ƙarshe na azumi ko satin babbar sallah, ta fito da turmi bakin ƙofa ta ganshi a hasken rana, ta warware shi kafin ta biya, in oda ce ta waya tace a ɗauko mata bidiyon kayan a waje ba hoton fim ba. Leshin bikin ƙanwarmu kuma na riga nayi magana da wata mai kawowa a unguwarmu, ita ko dutse ɗaya ya faɗi na san gidanta.